Tiga ko Yankari: ina ya dace mutumin Kano ya kai iyalinsa ƙarshen mako?

A tsakar gidanmu gardamar ta taso, wata Laraba bayan sallar Isha'i, ana cin tuwo. Ƙanena ne ya kawo maganar. Ya ga hotunan abokansa a Facebook suna iyo a wani ruwa garai-garai kamar an tace shi, sai ya kafe a kan lallai wannan Asabar ɗin a kwashi yara a tafi Yankari. Uwargida ta ce ita ko ina ne ta yarda, in dai za a raba ta da hayaƙin Adaidaita Sahu na yini guda. Hajiya tana gefe kan darduma tana jan carbi, ba ta tanka ba sai da kowa ya gama, sannan ta ce, "In za a je a dawo a kwana a gida, ku sa da ni. In kuwa sai an kwana a daji, to Allah ya kiyaye hanya." Da yake ni kaɗai ne a gidan na taɓa taka Yankari na kuma san Tiga, sai duk aka juyo kaina.

Abin da na faɗa musu a daren shi zan faɗa a nan, sai dai da ɗan tsawo. Mutane suna jera wuraren nan biyu kamar abu ɗaya ne, ɗaya babba ɗaya ƙarami, wai Tiga ita ce Yankarin talaka. Ba haka ba ne. Wanda ya je Tiga, ruwa da mutanen da suke ci daga ruwan zai gani. Wanda ya je Yankari, dajin da aka hana mutane zama a cikinsa zai gani. Kuma kowanne yana da abin da yake nema a wurinka kafin ya ba ka abin da yake da shi. Tiga yini ɗaya take so. Yankari kwana biyu yake so cur, in ka rage masa, shi ma sai ya rage maka.

Mu fara da hanya, don a nan ne yawancin shiri yake watsewa. Dam ɗin Tiga yana kudu da birnin Kano, wajen kilomita 70, ta hanyar Zariya. Ka tashi bayan karin kumallo, kafin hantsi ya dubi ludayi kana bakin ruwa. Ka yi Azahar da La'asar a can, ka kamo hanya, ka yi Magariba a masallacin unguwarku. Yankari kuwa sai ka fara isa Bauchi, tafiyar wajen kilomita 300 ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, ka karya kwana zuwa Mainamaji inda babbar ƙofar shiga take. Wanda bai taɓa zuwa ba, da ya hango ƙofar sai ya yi hamdala yana tsammanin an iso. Da sauran aiki: daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masauki da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi suke, akwai wasu kilomita 42 cikin daji. In an haɗa duka, an haura kilomita 400 daga Kano, kuma da tsayawar sallah da cin abinci da fitsarin yara, awa shida zuwa bakwai ce.

Yanzu ka lissafa da kanka. In kun tashi Asabar da safe, sai bayan Azahar ku isa Wikki a gajiye. Ku kwana ɗaya, Lahadi da hantsi dole ku ɗauro kaya, don ba wanda yake so dare ya yi masa tsakanin Ningi da Birnin Kudu da yara a mota. Awa goma sha huɗu a zaune a mota saboda yammaci ɗaya da safiya ɗaya. Na taɓa yin haka sau ɗaya ina saurayi, abin da na dawo da shi ciwon baya ne da hoton wutsiyar gadu. Tsarin da yake da daɗi shi ne a samu hutun Juma'a, a tashi da an idar da Asuba, a yi sallar Juma'a a Bauchi, a shiga dajin da sauran rana. Wanda ya ce sai an sauko daga masallaci a Kano sannan zai tashi, ya tuna Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, zai sha cunkoson motocin shanu kafin ya haye gada, kuma a Bauchi zai kwana, ba a Wikki ba.

Ga kuma abin da masu tsara yawo a takarda suke mantawa: Asabar da Lahadin Bahaushe ba a sake suke ba. Akwai ɗaurin aure, akwai suna, akwai gaisuwar rasuwa da ba ta jira, yara kuma suna da Islamiyya da hadda. Cire yini ɗaya daga cikin wannan abu ne mai sauƙi, ka ba malamin yara haƙuri, ka aika wakili wurin ɗaurin aure. Cire kwana uku kuwa sai an shirya tun da makonni, shi ya sa Yankari ya fi dacewa da hutun makaranta ko ƙarshen makon da gwamnati ta haɗa da hutun Litinin.

Batun kuɗi ba zan kawo farashi ba, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin jiya ba shi ne na yau ba. Amma lita ba ta canzawa. Motar da take shan lita 10 a kilomita 100, zuwa Tiga da dawowa lita 15 ta ishe ta, har da ɗan zagaye. Zuwa Yankari da dawowa za ta sha sama da lita 80. Wannan mai ne kawai. A Yankari akwai kuɗin shiga na kowane mutum, da na ɗakin kwana biyu, da na motar zagayen daji da ɗan rakiya, da abinci sau uku a wurin da ba ka da zaɓin zagayawa lungu ka sami mai shayi. A Tiga kuwa tabarma biyu, kular abinci, jarkar ruwan sha, da ɗan abin da za ka sayi kifi da tumatir a hanyar dawowa, shi ke nan. Wanda ba shi da mota ma Tiga ba ta gagare shi ba, motar haya da ɗan acaɓa za su kai shi. Yankari ba mota sai an ɗauki shata daga Bauchi, don babu motar haya da take jigila tsakanin Mainamaji da Wikki kamar yadda ake yi tsakanin gari da gari.

To, me ake gani a Tiga da har za a ƙona mai?

Ni a wurina yawon yana farawa tun daga Kura. A watan Fabrairu, lokacin da duk ƙasar Kano ta yi fari fat, ƙura ta lulluɓe komai, sai ka ga kore shar dama da hagu, shinkafa da alkama da albasa da tumatir, ruwa yana gudu a magudanan siminti, mutane sun duƙufa a ciki. Yaron da ya tashi a Fagge ko Tarauni, wanda a saninsa shinkafa daga buhu take fitowa, a nan zai ga inda take tsirowa. Ka tsaya a Kwanar Gafan lokacin tumatir, ka bar shi ya ga kwanduna jibge har ido ya gaji, ana lodi a manyan motoci zuwa kudu. Duk wannan koren daga Tiga yake. An gina dam ɗin tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano, daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Tafkin da ya taru a bayansa ya kai faɗin murabba'in kilomita 178, yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga shi ake sakin ruwan da yake ciyar da aikin noman rani na Kadawa, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi.

Idan ka isa bakin tafkin, abin da zai fara kama ka shi ne faɗi. Mu mutanen birni idonmu ya saba da katanga a kowane taku ashirin. A nan sai ka duba ka rasa ƙarshen ruwa, duwatsu sun leƙo daga cikinsa nan da can, na ɓangaren Rano da Rurum suna hango ka daga nesa. Iska tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Masunta suna dawowa da kwale-kwale, ana zube karfasa da tarwaɗa a gaɓa, mata masu suya suna ciniki. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, balbela tana bin shanun Fulani da suka gangaro shan ruwa. Ba wani abu ne da aka shirya don baƙo ba. Wurin aikin mutane ne, kai ne ka zo ka same su.

Wannan shi ne daɗin Tiga, kuma shi ne raunin ta. Kada ka je da tsammanin lilo da kujeru da mai kawo maka lemo a faranti. Inuwarka bishiyar da ka samu ce, wurin sallarka tabarmarka, kuma sai ka yi tunanin inda mata za su kewaya tun kafin ku baje kaya, gara ku sauka kusa da gari ku yi sallama da mutanen wurin. Bangon dam ɗin da wuraren sakin ruwa suna da masu gadi, ba ko'ina ake hawa ko ɗaukar hoto ba, a tambaya tukuna. Matashin da yake neman abin da zai sa zuciyarsa ta buga, bayan awa biyu zai fara latsa waya yana hamma. Dattijo kuwa, ko mai jego da ta gaji da ɗaki, ko yara 'yan ƙasa da shekara goma waɗanda tsakuwa da ruwa da jaki sun ishe su wasa, yini zai wuce ba su sani ba.

Wani abu da nake so a riƙa gaya wa yara a bakin ruwan nan, don kada su ɗauka alheri ne zalla: ruwan da aka tare a Tiga, da wanda aka ƙara tarewa a dam ɗin Challawa a 1992, ruwa ne da a da yake malala kowace damina zuwa fadamun Haɗeja da Nguru. Da ambaliyar shekara-shekara ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman can suka ji a jikinsu. Tumatirin Kadawa da kukan mutumin Nguru igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Kai, ko mai tafiya Yankari ma, ruwan da zai haye a gadar Wudil akwai na Tiga a ciki.

Yankari wani sha'ani ne daban. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a watan Disambar 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Tun daga ƙofar Mainamaji za ka ji duniya ta canza: ba gona, ba ƙauye, ba mai talla, sai marke da tsamiya da kuka da dogayen ciyayi, zabin daji suna tsallaka titi a guje. Ka rage gudu ka sauke gilashi, don wani lokaci abin da za ka gani a wannan kilomita 42 ya fi abin da za ka gani a zagayen da ka biya kuɗi.

Ruwan Wikki shi ne abin da hoto bai yi ƙarya a kansa ba. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma yana fitar da wajen lita miliyan 21 kowace rana zuwa Kogin Gaji. Da yake kullum gudu yake yi, ba ya kwanciya balle ya yi gansakuka, kana tsaye ruwa a ƙirjinka kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Bishiyoyi sun yi masa rumfa. Da asubar hunturu, lokacin da ko alwala sai an yi ta maza, ka shiga ruwan nan ka ji kamar an surka maka, tururi yana tashi a kansa. Wannan kaɗai, a ganina, ya biya rabin kuɗin man. Akwai wasu maɓuɓɓugan ɗumi a dajin, Dimmil da Gwan da Nawulgo, amma Wikki ce babba kuma ita ce a bakin masauki.

Masu gidan na gaskiya a sansanin su ne gwaggon birai. Ba sa tsoron kowa, sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba. Ni da idona na ga wani ƙato ya fizge ledar burodi daga hannun wata yarinya ya haye rufin ɗaki ya zauna yana ɓarewa yana kallonmu, kamar shi ya saya. Abin dariya ne in an dawo gida, amma a lokacin yarinyar ta firgita ƙwarai. Kada a ba yaro abinci ya riƙe a waje, kada a bar tagar mota a buɗe, kada kuma a yi musu tayi don neman hoto. Gaduna ma suna yawo tsakanin ɗakuna suna kiwo a durƙushe, su ba ruwansu da kowa in ba a matsa musu ba.

Sai zagayen daji, wanda ake fita da sassafe ko da yamma a buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan rakiya. A nan nake roƙon iyaye su riƙe bakinsu: kada ku yi wa yara alkawarin zaki. Zakunan da suka rage a Yankari ƙalilan ne, ganinsu sai mai tsananin rabo. Kada ku yi alkawarin raƙumin dawa, babu shi a can. Mai son ganinsa da jakin dawa sai ya ratse gandun Sumu da ke ƙasar Ganjuwa, a kan hanyar nan ta Ningi zuwa Bauchi, inda aka ajiye waɗanda aka kawo daga Namibiya a 2006. Ko giwa ma, wadda Yankari ya yi suna da ita, kuma garkenta na nan yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, ba ta da alƙawari da kowa. Wata rana ku ci karo da garke guda yana tsallaka hanya, ku kashe mota ku yi tsit, har numfashinku kuna ji. Wata rana kuma kashinta mai ɗumi da rassan da ta kakkarya kawai za ku tarar. Abin da ya fi yiwuwa ku gani shi ne gwambaza da mazo da ɓauna, wani lokaci gwanki ko kanki, da kada a bakin Gaji, da tsuntsaye iri sama da 350, daga burtu mai tafiyar ƙasaita har zuwa ƙananan masu launi da ba mu da sunansu a birni. Wanda yake son tabbacin ganin zaki, gidan zu na Audu Bako yana nan cikin gari, kuɗin Adaidaita ne. Abin da Yankari yake sayarwa shi ne ka ga dabba a gidanta, tana da ikon ta ƙi fitowa.

A sa tufafi masu haske, farare ko ruwan ƙasa. Akwai tsando a dajin, kuma baƙi da shuɗi ne suke jawo shi. Cizonsa kamar an soka maka allura mai zafi.

In da sauran lokaci, kuma wannan ne dalilin da ya sa na ce kwana biyu, a nemi ɗan rakiya ya kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 waɗanda mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukke sama da ɗari da aka haƙa aka haɗa su ta ƙasa don tara ruwa, da kufan maƙera inda aka narka tama. Dajin da yau ba kowa, a da gari ne. Akwai kuma ɗan gidan tarihi a sansanin, mai fatu da haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta.

Tunda duk wuraren biyu ruwa ne yake jan mutane, bari in tsaya a kansa, don a nan ne kuskure yake zama kuka. Wikki wurin wanka ne. Tiga ba wurin wanka ba ne. Ruwan dam da magudanan noman rani, musamman gefe-gefe inda ya kwanta da ciyawa, shi ne mazaunin katantanwar da take ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ba sai yaro ya sha ba, shiga kawai ya isa, ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Za ka ga yaran garin suna ta tsalle a ciki, naka su ce su ma sai sun shiga. A hana su. Ƙasan dam kuma ba shi da tabbas, taku ɗaya ruwa a gwiwa, na biyu rami. Batun shiga kwale-kwale, duk mutumin Kano yana tuna abin da ya faru a dam ɗin Watari a Bagwai ƙarshen Nuwambar 2021, jirgi ya kife da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. In babu rigar kariya ga kowane mutum, ko aka ga an cika jirgin, ko iska ta taso, a haƙura a kalla daga gaɓa. A Wikki ma akwai inda zurfin ya kusa mita 2, wajen bakin dutsen, don haka yara su tsaya ta ƙasa inda bai da zurfi, babba yana tare da su.

Akwai kuma maganar da uwargida ta yi mini tun kafin in kai nan: "To mu fa?" Gaskiya ce. Wikki wuri ne na kowa da kowa, maza da mata, baƙi daga kudu da Turawa, kowa da irin shigarsa. Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun Sallah wurin yana cika maƙil da kiɗa da hayaniya. Iyalin da suke son sutura da natsuwa su guji waɗannan ranaku, su kuma sauka ruwan da sassafe kafin jama'a su farka. A Tiga wannan matsalar ba ta taso ba, tunda ba mai shiga ruwa. A shimfiɗa tabarma a inuwa, Hajiya ta miƙe ƙafa, a buɗe kular dambu.

Lokacin zuwa ma ya raba su. Yankari na rani ne. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro Kogin Gaji, a nan ake ganinsu. Bazara ta fi kowane lokaci yawan gani, amma zafinta ba na wasa ba ne, ba zan kai tsoho ko jariri a watan Afrilu ba. Janairu da Fabrairu su ne tsaka-tsaki. Da damina kuwa dajin yana yin kyau kamar a lashe, sai dai ciyawa ta fi mota tsawo, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobi sun bazu, wasu hanyoyin ma ba sa biyuwa. Tiga tana karɓar baƙo kusan kowane wata. Ƙarshen damina zuwa kaka tafkin ya cika ya batse, duwatsu sun yi kore, ga sabuwar gyaɗa da rake a hanya. Tsakiyar rani kuma gonakin Kadawa ne abin kallo. Ranar da hazo ya yi kauri ne kawai ba ta da amfani, don ba za ka ga komai ba sai fari.

Ta fuskar mu'amala da jama'a, nan Tiga ta yi wa Yankari nisa. A Yankari mutanen da za ka yi hira da su ma'aikata ne da baƙi irinka. Garuruwan da suke kewaye da dajin wucewa kawai za ka yi ta gefensu, alhali su ne suke biyan kuɗin giwar da kake ɗauka a hoto: garke ɗaya ya shiga gonar dawa da dare, noman shekara ya tafi. In ka samu ɗan rakiya ɗan yankin, ka tambaye shi wannan, za ka ji abin da ba ya cikin takardar talla. A Tiga kuwa sallama ɗaya ta isa. Ka zauna wurin masunta ka tambayi yadda kamun bana yake, ka ji yadda ake rabon ruwa tsakanin manoma, wa yake samu da wuri, wa yake jira. Ka saya a hannunsu, kada ka yi ta ja-in-ja a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ku kwashe ledojinku da robobinku ku dawo da su, don shanu suna haɗiye leda, kuma ruwan nan wani yake sha a ƙasa.

Hanyar Yankari tana da nata garaɓasar, in ba a gaggauta ba. A Birnin Kudu akwai tsofaffin zane-zane a jikin duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A Bauchi akwai kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya kamata kowane ɗan makaranta ya gani, ga kuma masar Bauchi da miyar taushe, wadda ko Bakano mai taurin kai sai ya sallama mata. Tafiyar ta kai a yi ƙasaru ba ko shakka. Ta Tiga kuwa tana gab da iyakar mil 48 ɗin da malamanmu suke faɗa, sai ka tambayi naka malamin gwargwadon inda gidanka yake.

Kowanne aka zaɓa, da rana ake tafiya da rana ake dawowa, kuma a kira wani da yake can a ji halin da hanya take ciki a makon, ba labarin bara ba. Don Yankari a kama ɗaki tun kafin a tashi, a tafi da tocila da maganin sauro da kuɗi a hannu, a cika tanki a Bauchi. Wani zai ce ga dajin Falgore nan kusa, me ya kai mu Bauchi? Falgore sojoji suna atisaye a cikinsa, ba wurin shimfiɗa tabarma da iyali ba ne.

Don haka ga yadda na yanke musu a daren. In tafiyar ta haɗa da tsoho, ko mai ciki, ko yara ƙanana, ko yini ɗaya kawai ake da shi, ko aljihu bai yi nauyi ba, Tiga. In matasa ne da yaran da suka haura shekara goma, ga kwana uku a hannu, ga mota mai lafiya, kuma tsakanin Janairu da Maris ake, Yankari, kuma kada a tsaya wasa, don wanda bai taɓa jin ƙarar giwa tana karya reshe a bayansa ba akwai abin da ya rage masa a ƙasar nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a matse Yankari cikin Asabar da Lahadi don kawai a ce an je.

Ƙanena ya ɓata rai, ya ce ni dama na cika lissafi. Asabar ɗin Tiga muka tafi, mota biyu, Hajiya a gaba da carbinta. Ta sa aka tsaya a Kura ta sayi shinkafa kwano biyar, ta yi ciniki da wani masunci har sai da ya yi dariya ya ƙara mata tarwaɗa biyu, ta kuma hana kowa taɓa ruwa da sandarta. Mun yi Magariba a gida. Shi kuma ya buɗe asusu da abokansa uku, suna zubi duk wata, sun sa ranar tafiya Yankari a hutun ƙarshen zango na Janairu. Ya ce in zo in yi musu jagora, na ce sai in shi zai sayi man.